Jijiyar Jini Ba Bututun Famfo Ba Ce: Abin Da Ke Faruwa A Cikin Ƙullutun Kitse

Gaisuwa ga mutanen Gider da Figil da Mayo-Ulo da Durbeye, da na Garwa da Pitowa, da 'yan uwanmu na tsallaken iyaka a Mubi da Maiha da Yola. Makiyayan da ke ruga da rediyo rataye a kafaɗa, jam na? 'Yan kasuwa da direbobin da ke jiran a ɗaga musu shinge, sannunku da hanya.

Yau filinmu na lafiya zai tsaya kan cutar nan da ke sa mutum ya tafi kasuwa da ƙafarsa da safe, kafin azahar a dawo da shi ranga-ranga, ko dai ƙirji ya riƙe shi, ko kuma ɓarin jikinsa ya shanye, baki ya karkace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum kusan miliyan 17.9, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suka auku, wato irin namu.

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka kitse ne ke toshe jijiya sannu a hankali, kamar yadda yashi ke cika Mayo Luti da rani. Shi ya sa mai tallan magani a kasuwa yake samun ciniki idan ya ɗaga kwalba ya ce wannan na wankin jijiya ne. To ku ba ni aron kunnuwanku. Abin da ke cikin jijiyar nan yana da rai, yana aika saƙo, har hanyar jini yake jawo wa kansa. Wanda ya gane haka ba zai ba da kuɗin ɗan maraƙinsa a kan kwalbar wanki ba.

Bangon jijiya

Ku da kuke yanka da fiɗa kun riga mu sanin wannan. In aka buɗe rago ko sa, akwai wata babbar jijiya fara-fara mai kauri da ke fitowa daga zuciya ta bi ƙashin baya. In ka yanke ta ba ta lanƙwashewa, bakinta a buɗe yake zama. Irin wannan ce ke kai jini daga zuciya zuwa sassan jiki, kuma a irinta cutar da muke magana take zama. Masu muhimmanci gare mu yau su ne biyu na wuya, da ke kai jini ƙwaƙwalwa, da kuma waɗanda ke ciyar da ita kanta zuciyar, waɗanda faɗinsu bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, kamar tsinken ashana mai ɗan kauri.

Bangon jijiya hawa uku ne. Daga ciki akwai shimfiɗa mai santsi, siririya ƙwarai, kaurinta ƙwayar halitta ɗaya tak. Ƙwayar halitta kuwa ita ce ɗan ƙaramin tubalin da aka gina jiki da shi, ido ba ya ganinta sai da madubin likita. A tsakiya akwai tsoka mai miƙewa da tsukewa. Daga waje kuma akwai riga mai ƙarfi.

Shimfiɗar nan ta ciki ku ɗauke ta kamar shingen duwan a bakin iyaka. Ita ke duba abin da zai ƙetara daga jini ya shiga bango, da abin da za a mayar.

Sai wani abu da ba kowa ya sani ba. Shi ma bangon nama ne mai rai, yana buƙatar abinci da iskar oksijin, wato sashen iskar da muke shaƙa wanda jini ke rabawa. Ɓangaren ciki yana sha kai tsaye daga jinin da ke wucewa. Amma iskar ba ta iya ratsa nama da nisa, abin da take yi bai kai ko rabin milimita ba. Saboda haka Allah cikin ikonsa ya sa wa manyan jijiyoyi wasu 'yan ƙananan jijiyoyi a rigarsu ta waje, masu ciyar da bangon daga baya. Likitoci na kiransu da Latin vasa vasorum, ma'ana jijiyoyin jijiyoyi. A jijiya mai lafiya suna tsayawa can waje, ba sa kusantar shimfiɗar ciki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda ƙwayoyin jiki ke kiran juna

Ƙwayoyin halitta ba su da baki, amma suna magana. Ƙwaya takan saki wani ɗan sinadari, shi ne saƙon. Wata ƙwayar kuma tana da makarɓi a jikinta wanda saƙon ke shiga daidai. Da zarar ya shiga, sai labari ya bi hannu-hannu a cikin ƙwayar har ya kai cibiyarta, inda kundin umarnin gado yake. Daga nan sai ta aikata: ta motsa, ko ta rabu biyu, ko ta saki nata saƙon, ko ma ta mutu.

Alhaji mai safara tsakanin Gider da Mubi ya fi kowa gane wannan. Layi biyu gare shi a waya, na Kamaru da na Najeriya. In an kira lambar da bai sa ba, wayar shiru za ta yi ko da tana aljihunsa. To haka ƙwaya take. Saƙo na iya wucewa ta gabanta, in ba ta da makarɓinsa ba abin da ya dame ta. Cutar da muke magana a kai, daga farkonta har ƙarshenta, jerin kiraye-kiraye ne irin waɗannan.

Mafarin ƙullutu

Sunan cutar a asibiti aterosikilerosis. Wani likita Bajamushe, Felix Marchand, ya sa mata shi a 1904, daga kalmomin Girkanci biyu, ɗaya na nufin kunu ko fate, ɗaya na nufin tauri. Ya yi daidai, domin in aka tsaga abin, cikinsa laushi ne kamar kunu, samansa kuma da tauri. Mu a nan za mu kira shi ƙullutun kitse.

A cikin jini akwai wani maiƙo da ake kira kolestarol. Jiki na buƙatarsa, hanta ma tana yin sa. Ba ya tafiya shi kaɗai, sai a cikin 'yan ƙunshi, kuma ƙunshin da ya fi jawo matsala shi ake kira LDL. Tun a 1913 wani masani a birnin Santa Fitasbag na Rasha, Nikolai Anichkov, ya ciyar da zomaye kolestarol, ya ga ƙullutu ya fito a jijiyoyinsu.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abubuwan da ke raunana shimfiɗar ciki sanannu ne: hawan jini da ke dukanta kusan sau 100,000 a kowace rana, gwargwadon bugun zuciya, hayaƙin taba, sukari mai yawa a jini, da yawan LDL ɗin kansa. In shinge ya yi sako-sako, sai LDL ya ƙetara ya maƙale a ƙarƙashin shimfiɗar. A can sai ya lalace, kamar yadda man shanu ke ɓaci in ya daɗe a buɗe.

Nan kira na farko ke fita. Ƙwayoyin shimfiɗa su fito da wasu 'yan ƙugiyoyi a fuskarsu, su kuma saki saƙon neman agaji. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki ke nan, su ji kira, su maƙale a ƙugiya, su kutsa cikin bango su hau haɗiyar lalataccen maiƙon. Sai su ci su ci har su kumbura su zama kamar kumfa. Da yawa su kasa fita, su mutu a wurin. Gawarwakinsu da maiƙon da suka haɗiya su ne kunun nan da ke tsakiyar ƙullutu. Su kuma ƙwayoyin tsoka na bango su amsa wani kiran, su taso su saƙa murfi a sama don raba kunun da jinin da ke gudu.

Kun ga ke nan ƙullutun a cikin naman bango yake, a ƙarƙashin shimfiɗa, da murfinsa. Ba a kan hanya yake kwance ba balle ruwan magani ya zo ya share shi.

Abin kuma yana farawa da wuri. A 1953 likitocin sojan Amurka sun duba zukatan sojoji 300 da aka kashe a yaƙin Koriya, matsakaicin shekarunsu 22, suka tarar kashi 77 cikin 100 sun riga sun fara. Kuma shekaru da yawa mutum ba ya jin komai. Wani masani a Shikago, Seymour Glagov, ya nuna a 1987 cewa jijiya takan buɗe ta waje don ta ba ƙullutu wuri, hanyar jini ba ta fara tsukewa sosai sai ƙullutun ya ci kusan kashi 40 cikin 100.

In ƙullutu ya shaƙe

Yauwa, ga inda maganar yau ta dosa. Ƙullutu yana girma, bango yana kauri. Tsakiyarsa ta yi nisa da jinin da ke wucewa ta ciki, ta kuma yi nisa da 'yan jijiyoyin nan na waje. Ga fararen ƙwayoyi cunkushe, kowace tana zuƙar iska. Ku kwatanta da garken da ya yi yawa a mashaya ɗaya a watan Afrilu. Dole a nemo wani ruwan.

Ta yaya ƙwaya ke sanin iska ta yi mata kaɗan? Akwai wani ɗan aike a cikinta mai suna HIF. Kullum ƙwaya tana ƙera shi, kuma muddin akwai iska, nan take ake sa masa alama a rushe shi kafin ya kai ko'ina. Masu sa alamar ba sa iya aiki sai da oksijin. Ranar da iska ta yanke, ba mai tare shi, sai ya taru ya shige cibiyar ƙwaya ya buɗe umarnin gaggawa. Gregg Semenza na jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne ya gano HIF a farkon shekarun 1990, kuma shi da William Kaelin da Peter Ratcliffe na Ingila suka karɓi kyautar Nobel a 2019 saboda bayyana wannan tsari.

Cikin umarnin da HIF ke buɗewa akwai wani saƙo mai suna VEGF. Ma'anar saƙon a taƙaice: a kawo mana hanyar jini nan. Makiyaya, ku ji wannan, da saniya aka gano shi. A 1989 Napoleone Ferrara, ɗan Italiya mai aiki a Kalifoniya, ya tace shi daga ƙwayoyin wata 'yar tsoka da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwar shanu.

VEGF ya bazu cikin bango har ya isa 'yan jijiyoyin nan na rigar waje, waɗanda ke da makarɓinsa. Sai tafiya ta tashi, kuma tana da tsari irin na garke a burtali. Ƙwayar da ta fi jin kiran ta zama ta gaba, ta miƙa 'yan yatsu tana laluben inda saƙon ya fi ƙarfi. Ita kuma ta taɓa maƙwabtanta da wani saƙon, ta hanyar makarɓin da ake kira Notch, cewa ni ce gaba, ku biyo baya. Na bayan su yi ta rabuwa suna jeruwa, su buɗe rami a tsakaninsu, jini ya biyo. Da haka sabuwar jijiya ke ratsa tsokar bango ta shiga gindin ƙullutu, wurin da a da babu ita.

An ga wannan da ido. A 1984 Clifford Barger da abokan aikinsa a jami'ar Harvard sun ɗura wani farin ruwan roba a jijiyoyin zukatan mamata, suka ɗauki fim yana shiga. A inda jijiya take lafiya, 'yan rassa kaɗan suka bayyana. A inda ƙullutu yake, sai ga rassa cunkus kamar saiwar ciyawa.

Ginin gaggawa ba ya riƙe ruwa

Wani zai ce, to ai wannan taimako ne, wurin da ya shaƙe ya sami iska. Da sabbin jijiyoyin za su nuna, da haka ne. Jijiya ba ta kammala sai wasu ƙwayoyi sun zo sun lulluɓe ta daga waje, kamar yaɓen da ake yi wa katangar ƙasa kafin damina. Akwai saƙon da ke kiran masu yaɓen, akwai kuma wanda ke korarsu don a ci gaba da tsiro. A cikin ƙullutu kumburi ba ya lafawa, kiran gaggawa ba ya yankewa, saboda haka yaɓe ba ya samuwa yadda ya kamata. Ga shi kuma VEGF da kansa yana buɗe tsakanin ƙwayoyi. Shekara shida kafin aikin Ferrara, a 1983, Harold Dvorak da abokan aikinsa a Boston sun riga sun ci karo da wannan sinadari, kuma sunan da suka ba shi shi ne mai sa jijiya yoyo.

To sai a sami jijiyoyi sirara, marasa yaɓe, masu yoyo, a cikin wurin da ake matsawa da kowane bugun zuciya. Ɓarna uku suke yi. Ta farko, sun zama ɓarauniyar hanya: fararen ƙwayoyi da maiƙo suna shiga ƙullutu ta baya, ba tare da sun bi ta shinge ba. Ta biyu, jajayen ƙwayoyin jini suna tsiyaya ciki, kuma fatar jar ƙwaya cike take da kolestarol, ga kuma sinadarin ƙarfe da ke cikinta mai ƙara lalata maiƙo. A 2003 Frank Kolodgie da Renu Virmani da abokan aikinsu a Amurka sun duba jijiyoyin mutanen da suka yi mutuwar fuju'a ta zuciya, suka tarar ƙullutun da suka fi haɗari su ne suka fi ɗauke da ragowar jajayen ƙwayoyi da ƙarfe. Ta uku, jinin da ya zuba yana kiran ƙarin fararen ƙwayoyi, su kuma su ƙara cinye iska, HIF ya sake tashi, a sake kiran sabbin jijiyoyi. Abu ya zama zagaye.

Fararen ƙwayoyin nan kuma suna sakin sinadaran da ke cin zaren murfi. Murfi ya yi ta sirancewa har ya kasa kaurin gashin kai ɗaya. Ranar da ya yage, jinin da ke gudu ya haɗu da kunun ciki, nan take ya daskare ya zama guda. Cikin mintoci hanya ta rufe. In a zuciya ne, shi ne ciwon ƙirjin nan mai kayar da mutum. In a wuya ne, gudan ya ɓalle ya haura ya toshe wata jijiya a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye.

Shi ya sa za ku ji an ce, ai jiya ma mun ga Baffa a kasuwar shanu ta Adumri, garau da shi. Gaskiya ne garau yake a ido. Ƙullutu da yawa da ke fashewa ba su tsuke hanya sosai ba kafin ranar. Rashin ƙwarinsa ne abin tsoro, fiye da girmansa.

Me ya hana a toshe kiran?

Masana sun gwada. Judah Folkman na Boston ya faɗa tun 1971 cewa ciwon daji ba ya girma sai ya jawo wa kansa jijiyoyi. A 1999 Karen Moulton, tare da shi Folkman, ta ba ɓeraye magungunan hana tsiron jijiya, ɗaya daga ciki ya rage girman ƙullutu da kashi 85 cikin 100. Amma ɓera daban, mutum daban. Maganin da ke toshe VEGF, mai suna Avastin, an amince da shi a Amurka a 2004 don ciwon daji, kuma cikin illolinsa akwai hawan jini da daskarewar jini a jijiya, wato abin da ake gudu. Dalili kuwa, wannan saƙo shi ke warkar da rauni, shi ke kula da lafiyar shimfiɗar jijiya da ta ƙoda, yana kuma cikin masu taimaka wa zuciya ta buɗe hanyoyin ratse in babbar hanya ta tsuke. In ka rufe shi gaba ɗaya ka rufe har da alherinsa. Har yau babu maganin da aka amince a ba mutum don hana jijiya tsirowa a cikin ƙullutu.

To jama'a, abin da manyan ɗakunan bincike ba su kai gare shi ba, mai lasifika a bayan mota ba shi da shi a kwalba. Gudawar da irin wannan magani ke sawa daga hanji take fitowa, ba ta da hanya zuwa bangon jijiya. Ƙaho kuma jinin fata yake ja. Abin da ke hannunmu shi ne mu rage abin da ke tayar da kiran tun daga tushe.

Batun nono da man shanu

Na san makiyaya na tambaya a ransu: mu da muka tashi da kindirmo da man shanu fa? An bincika. A 2001 Robert Glew da abokan aikinsa suka wallafa binciken da suka yi a kan Fulani makiyaya sama da 100 a tsaunukan Jos. Kusan rabin ƙarfin abincinsu daga maiƙo yake fitowa, amma awon maiƙon jininsu ya fito lafiya. Masu binciken sun danganta haka da yawan tafiyar ƙasa, da rashin cin abin da ya wuce buƙata.

Amma ga ɗaya gefen. A 1972 George Mann ya duba zukata da jijiyoyin maza 50 na ƙabilar Masai, makiyayan Gabashin Afirka masu rayuwa a kan nono da nama. Ya tarar bangon jijiyoyinsu ya yi kauri sosai, sai dai jijiyoyin sun buɗe sun ba jini hanya. Wato makiyayi ma yana yin ƙullutu, rayuwarsa ce ke kare shi.

To ina kariyar take in Ardo ya sayi babur ya daina taka ƙasa, ya zauna a gari, shayi mai sukari sau biyar a rana, ga tsire, ga soye-soye, ga sigari? Ina take ga Alhaji da ke wuni zaune a rumfa ko a gaban mota daga Garwa zuwa Marwa? Abincin daji da zaman birni ba sa haɗuwa lafiya.

Wani babban bincike mai suna SIREN, da aka yi a asibitocin Gana da Najeriya har da na Kano da Zariya, wanda sakamakonsa ya fito a 2018, ya duba mutum sama da 2,000 da ɓarin jikinsu ya shanye. Hawan jini ne ya zo kan gaba da nisa. Bayansa akwai lalacewar awon maiƙon jini, yawan cin nama a kai a kai, tumbi, ciwon sukari, ƙarancin cin ganye, da barbaɗa gishiri a kan abinci. A nan Kamaru kuwa, binciken da Farfesa Samuel Kingue da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya nuna kusan mutum 3 cikin 10 na manya a birane suna da hawan jini.

Abin yi

Na ɗaya, a auna jini. Hawan jini ba ya sallama, kuma rashin ciwon kai ba shaida ba ce. Ranar da ka shigo Gider ko Figil ko Mubi cin kasuwa, ka ratsa asibiti ko cibiyar lafiya, minti biyar ne. In awo ya kai 140 a kan 90 ko ya wuce, kuma aka maimaita a wata rana ya sake nuna haka, to akwai magana. Ka sa a rubuta maka lambobin a takarda ka ajiye tare da katin shaidarka, don ma'aikacin lafiya na kowane gefen iyaka ya gani. Lamba ba ta da Faransanci ko Turanci.

Na biyu, in an ɗora ka a kan maganin hawan jini ko na sukari, ba a ajiye shi don an ji sauƙi. Makiyayi mai shirin tafiya kiwon rani kudu, ya lissafa watannin da zai yi ya tanadi maganinsa kamar yadda yake tanadin na shanu. A saya a kantin magani mai rajista, kada a saya a tire cikin rana.

Na uku, akwai magungunan rage LDL da ake kira sitatin, irin su simvastatin da atorvastatin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irinsu a jerin muhimman magunguna tun 2007. Ba sa wanke ƙullutu, amma suna rage maiƙon da ke shiga, kumburi ya lafa, murfi ya yi ƙwari. Manyan gwaje-gwaje sun nuna duk ragin ma'auni ɗaya na LDL yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Likita ne zai ce wa ya dace ya sha, kuma mai juna biyu ta faɗa masa halin da take ciki.

Na huɗu, taba. Wanda ya bari, bayan shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciyarsa yana raguwa da kusan rabi.

Na biyar, gishiri. Abin da aka yarda wa babba a rana bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Inna da Hajiya, wannan a hannunku yake. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce a wajen hawan jini, a sassauta ta a kunu da miya. A yawaita ganye, ga shi Allah ya hore mana: yakuwa da muke ce wa folere, tafasa da ake ce wa tasba, zogale, kuka, rama.

Na shida, tafiya. Minti 150 a mako na tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Ɗan kasuwa ya ajiye babur wani lokaci ya taka zuwa masallaci da rumfa.

In abin ya zo

Ku riƙe alamomin nan, ku koya wa yara ma. Baki ya karkace farat ɗaya. Hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu. Magana ta sarƙe. Ko kuma nauyi a tsakiyar ƙirji kamar an ɗora buhu, yana bin hannu ko muƙamuƙi, da zufa da ƙarancin numfashi. Ko da alamar shanyewar ta zo ta wuce cikin 'yan mintoci, kada a ce an warke. Sau da yawa ɗan ɓarɓashi ne ya ɓalle daga ƙullutun wuya, babban na iya biyowa cikin kwanaki.

A nemi mota ko babur nan take a nufi asibiti mafi kusa, su za su san ko a miƙa shi Garwa, kimanin kilomita 100 daga Gider, ko Yola ga na wancan gefe. A lura da lokacin da abin ya fara a faɗa wa likita. Kada a ɗura wa wanda jikinsa ya shanye ruwa ko kunu ko jiƙo, domin haɗiyarsa na iya lalacewa abin ya wuce huhu. Kada kuma a ba shi asfirin kafin likita ya duba, saboda wata shanyewar ba toshewa ce ke kawo ta ba, fashewar jijiya ce a ƙwaƙwalwa, asfirin kuwa ƙara zubar jinin zai yi. Addu'a a yi ta a hanya, ana tafe ana yi.

Jama'a, makiyayi ba ya jiran saniya ta faɗi kafin ya duba kofatonta, ɗan kasuwa ba ya jiran ƙarshen shekara kafin ya ƙirga jarinsa. Wannan makon, duk wanda ya haura shekara 40 bai taɓa auna jininsa ba, ya je ya auna, ya tafi da uwargida su auna tare.

Nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya tsare dukiya da hanya, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.